Injin da Nababa Ya Sayo wa Hure

A Unguwar Mati, ɗan ƙauyen da ake ratsewa a shiga in an baro Tsanyawa za a Shanono, babu mai ce maka Nababa malalaci ne. Gonaki biyu ya gada daga mahaifinsa, ƙanana, don a wannan yanki gona tana manne da gona, layin yakuwa kawai ke raba ka da maƙwabci. Da damina gero da dawa da wake. In an gama kaka ya ɗaura kayansa a keke ya nufi Watari noman rani, tumatir da albasa. Kowa ya shaida hannunsa yana da albarka. Abin da Allah bai hore masa ba shi ne a ajiye masa abu biyu ya nuna wanda yake so.

Yana yaro mahaifinsa ke yanke masa komai. Da tsohon ya rasu yayansa Garba ya ɗora. Da ya auri Hure kuwa sai ya samu hutu gaba ɗaya. Hure gajeriyar mace ce mai kaifin murya, tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tun daga ƙofar gida ake jin ta tana ba da umarni. An taɓa ganin Nababa a kasuwar Tsanyawa tsaye tsakanin tumaki biyu har kasuwa ta fara watsewa, ya dawo gida da igiya a hannu, ya zauna ya kwatanta wa Hure kowacce. Ita da ba ta gan su ba ta ce, "Baƙar." Da kasuwa ta zagayo ya je ya sayo baƙar. Mutane suna yi masa dariya, shi ma yana taya su.

"Ai ta fi ni gani," yakan ce. Kuma da gaske yake.

Hure ta daɗe da maƙoƙo a wuya, tun bayan haihuwar 'yarsu Asma'u. Ba ya damun ta, mayafi take jawowa ta rufe. Sai a shekarar da aka cire tallafin mai, shekarar da kwanon masara ya gagari mutane, kumburin ya tashi haiƙan. Ta fara sarƙewa in tana cin tuwo. In ta kwanta rigingine numfashinta ya riƙa fito kamar ana busa kara. Ɗansu Basiru, wanda ke tuƙa babur a kudu, ya matsa a kai ta babban asibiti a Kano. Likitoci suka ce sai tiyata. Hure ce da bakinta ta ce a sayar da bijimin da suke kiwo, a yi.

An yi aikin, an cire maƙoƙon. Amma da ta farfaɗo numfashi ya ƙi wucewa, dole aka huda mata wuya aka sa wani ɗan bututu da za ta riƙa shaƙa ta cikinsa. Da aka bar Nababa ya shiga ya gan ta, ta buɗe baki za ta yi masa magana, leɓɓanta suka motsa, iska kawai ta fito ta bututun. Ya tsaya riƙe da hularsa yana jiran ta sake. Ba ta sake ba, hawaye ne ya gangaro mata.

Asma'u ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Nababa yana kwana a barandar asibiti tare da sauran maza masu marasa lafiya, da safe ya shiga ya zauna a gefen gado. Kwanaki suka tafi, ciwon tiyata ya fara warkewa. Wata rana nas ɗin ɗakin, Sista Hafsatu, ta kira shi gefe.

"Baba, Inna ta kusa tafiya gida. Amma ba za a sallame ta ba sai kun tanadi injin zuƙe majina. Ka ga yanzu ba ta iya yin kaki ta tofar kamar da. Majina tana taruwa a bututun nan, in ba a zuƙe ba sai ta toshe shi, kuma ta nan kaɗai take numfashi."

Ta nuna masa na asibitin, wani akwati a kan tayoyi mai kwalba a jikinsa. Ya sha jin gurnaninsa, bai taɓa kawo wa ransa zai mallaki irinsa ba.

"To, a ina ake samu?"

"Shagunan kayan asibiti. Amma iri-iri ne. Akwai na wuta zalla. Akwai mai batir da ake yi wa caji. Akwai na ƙafa, wanda ake takawa. Akwai ma ɗan ƙarami na hannu, amma wannan na gaggawa ne."

"Wanne ne mai kyau?"

"Ya danganta, Baba. Kuna da wuta a garinku?"

Akwai turakun lantarki a Unguwar Mati, akwai waya a kansu, har kwan fitila akwai a zauren Nababa. Wutar ce takan zo ranar da ta ga dama, wani lokaci wata ya kama ya mutu ba a gan ta ba.

"Akwai," ya ce. "Amma babu."

Sista ta yi murmushi, ta fara wani bayani a kan ƙarfin zuƙa da girman roba, sai aka ƙwala mata kira daga wani gadon. Ta tafi ta bar shi yana gyaɗa kai, alhali a cikin duk abin da ta faɗa kalmar inji kawai ta zauna masa.

Ya koma wurin wadda ya saba tambaya. Ya jawo kujera ya sunkuya kusa da kunnenta, duk da kunnenta ƙalau yake.

"Hure, an ce sai mun sayi inji. Akwai na wuta, akwai na batir, akwai wani kuma, na manta. Wanne zan sayo?"

Ta dube shi. Ta motsa leɓe, bai gane ba. Ta zaro ƙafarta ta dama daga cikin zane ta riƙa danna katifa da tafin.

"Ƙafar ce take ciwo?"

Ta girgiza kai, ta sake dannawa da ƙarfi.

"Asma'u, zo ki duba, kamar jijiya ce ta riƙe ta."

Asma'u ta zo ta kama ƙafar tana matsawa. Hure ta fizge, ta juya musu baya. Uba da 'ya suka kalli juna.

"Zaman asibitin ne ya ishe ta, Baba," in ji Asma'u.

Daga nan shawara ta fara zubowa. Basiru ya bugo waya ya ce kada a kuskura a sayi komai sai mai batir, ya gani a waya, shi ne na zamani, har ya turo hotonsa ta wayar Asma'u. Yaya Garba da ya zo dubiya ya ce batir ai mutuwa yake yi, a sayi na wuta a haɗa da ɗan janareta. Da Nababa ya tuna masa yadda mai ya koma, sai Garba ya juya ya ce shi ma fa bai ga dalilin inji ba, zuma da ruwan ɗumi sun isa su narkar da kowace irin majina. Wani mutumin Bichi da suke shimfiɗa tabarma tare a baranda ya ce a nemi na hannu ɗan Kwatano, ya fi sababbin yanzu ƙarko. Duk wanda ya yi magana, Nababa sai ya ji gaskiyarsa ce. In na gaba ya zo ya rushe, sai ya ji wannan ma gaskiya ce.

Ranar da ya fita saye bai tafi da Asma'u ba, don ba a barin Hure ita kaɗai. Ya hau adaidaita sahu zuwa layin da aka kwatanta masa. Shaguna ne a jere, cike da kekunan guragu da sanduna da kwalaye masu rubutun Turanci. Ya shiga wanda mai shi ya fara amsa masa sallama. Sunan injin ya riga ya ɓace masa a hanya.

"Injin maƙogwaro nake nema. Na mai wahalar numfashi."

"Yaro ne ko babba?"

"Iyalina ce."

"Tana yin fito in tana numfashi?"

"Ƙwarai kuwa, ta yi fama da wannan."

Mai shagon ya sauko da wani ɗan kwali, ya jona abin da ke ciki, ya yi gurnani. Nababa ya ji sanyi a ransa, don ba a ba shi zaɓi ba. Ya biya, ya rungumo kwalin har asibiti.

Sista Hafsatu ta buɗe, ta dube shi, ta sake duban kwalin.

"Baba, wannan ai na masu asma ne. Magani ake zubawa ya riƙa turara wa mutum. Wannan hurawa yake yi, mu kuma mai zuƙa muke so."

"Amma ya yi ƙara irin ta naku."

"Ƙarar ce kawai iri ɗaya."

Hure tana kallon su daga gado. Nababa bai yarda sun haɗa ido ba.

Washegari ya koma, wannan karon ya sa Sista ta yi wa mai shagon bayani ta waya. Mutumin bai yi gardama ba, ya karɓi kayansa, ya ce ai da Baba ya ambaci bututu a wuya da tuni an wuce wurin. Sai ya jero masa uku a kan kanta.

Nababa ya ga wata 'yar dama. Shekara da shekaru yana aiki da injin ban-ruwa a Watari, ya san mai ja da marar ja.

"Wanne ya fi ja a cikinsu? Shi nake so."

"A'a Baba, ba rijiya za ka yashe ba. In ja ya yi yawa sai ya ji mata ciwo a ciki, har jini ya fito. In ya yi kaɗan kuma majina mai kauri ba za ta taso ba."

"To inci nawa ne bakin tiyon?"

Mai shagon ya yi dariya, ba ta raini ba, ya nuna masa wata siririyar roba da ba ta kai karan alkama kauri ba. Ya ce ita ake zurawa, kuma ita ma lamba-lamba ce, sai an dace da bututun da ke wuyan marar lafiya. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na wuta ya fi daɗin aiki, amma ranar da babu wuta akwati ne kawai. Mai batir yana tafiya da mutum ko'ina, amma batirin yana gajiya, in ya mutu kuma samun wani aiki ne, ga tsada. Na ƙafa ba ya neman wuta ba ya neman mai, amma sai da mai taka shi, kuma mutum ɗaya ya taka ya kuma riƙe roba sai wanda ya saba.

"Kai in kai ne, wanne za ka ɗauka?"

"Ni a birni nake, Baba. Ban san garinku ba."

Nababa ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Ya ce bari ya yi salla ya dawo. Ya yi azahar a masallacin layin, ya zauna a kan wani benci yana kallon motoci. In ya ɗauki na wuta, ya ga Hure tana shure-shure kwan zaure a mace. In ya ɗauki mai batir, ya ga kansa a guje zuwa shagon cajin waya da inji a ka, an ce masa hadari ya hana sola kawowa. Na ƙafar kuwa ya yi masa kama da abin ba taya iska, bai ga yadda zai ɗora ran matarsa a kansa ba. Da can abin da zai yi a fili yake, ya koma gida ya kwatanta mata. Yanzu ga ta nan da ranta, da hankalinta, ta ma san amsar, amma amsar ta maƙale a wuyanta. Har la'asar yana kan bencin. Ya koma asibiti hannu rabbana.

Asma'u ta yi fushi, abin da ba ta taɓa yi masa ba. "Baba, an ba wata gadon nan tun jiya, mu ake jira mu tashi." Basiru ya bugo yana faɗa, yana cewa ai ya riga ya faɗi wanda za a saya. Nababa ya ce to. Ya ce wa Asma'u ma to.

Bayan kwana biyu, da hantsi, yana zaune a gefen gado, bututun Hure ya fara ƙarar nan ta kwarkwar da ya riga ya sani. Asma'u ta kira Sista. An jona injin kenan aka ɗauke wuta, kuma janaretan asibitin bai tashi nan take ba. Hure ta fara zare ido, ƙirjinta yana ɗagawa. Sista Hafsatu ba ta ko ɗaga murya ba. Ta sunkuya ta jawo wani abu daga ƙarƙashin teburin magani, ta ajiye a gaban Nababa.

"Baba, taka nan. A hankali, kada ka tsaya."

Ya ɗora ƙafarsa ya danna. Abin ya yi ƙasa ya dawo. Ya sake. Sista ta zura robar, sai ga majina tana bin tiyo tana sauka a kwalba. Numfashin Hure ya daidaita. Yana cikin takawa ya ɗaga kai, ya ga ta kafe shi da ido, ta zaro ƙafarta ta dama ta danna katifa sau ɗaya.

"La'ilaha illallahu," in ji Nababa. "Ashe wannan kike nufi?"

Ta lumshe ido. Asma'u ta rufe baki da mayafi, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ashe Hure tana kwance tana lura, ta ga an jawo abin nan ba sau ɗaya ba a ranakun da yake waje.

Ko da haka bai tafi shagon da zuciya ɗaya ba. A cikin adaidaita yana ta tambayar kansa ko ƙafar tana nufin a saya, ko tana nufin kada a saya don ta ga wahalarsa. Sai da ya tsaya a bakin kanta ya sake kallon mai batirin. Amma ya nuna na ƙafar, ya karɓi robobi irin lambar da Sista ta faɗa wa mai shagon, ya fito da sauri kafin wani tunanin ya riske shi.

Kafin a sallame su sai da Sista ta sa shi ya yi a gabanta har ta gamsu. Wanke hannu da sabulu. Tafasasshen ruwa da ya huce don ɗauraye roba. Kada a zura da nisa, kada a daɗe a ciki, kada a zuƙa sai ana fitowa. Hannunsa da fartanya ya saba, sai ƙafa ta tafi hannu ya tsaya, hannu ya tafi ƙafa ta manta.

A gida, makon farko, Asma'u ke riƙe roba shi yana takawa. Mata suka yi ta shigowa sannu da zuwa, rabinsu injin suka zo gani. Da Asma'u ta koma ɗakinta aikin ya dawo kansa shi kaɗai. Ranin nan bai je Watari ba, ya ba wani aron fadamar da yake nomawa a can. A majalisa aka fara cewa Nababa ya zama ungozoma. Yaya Garba ya kawo zumarsa, Hure ta karɓa ta sha da koko, aka ci gaba da taka inji. Akwai ranar da ya ƙi ja sam, Nababa ya kwance tiyo ya hura, ya mayar, ya rasa inda matsalar take, zufa tana keto masa. Hure ta miƙa hannu ta danna murfin kwalbar da bai zauna daidai ba. Injin ya kama.

Wajen tsakiyar rani aka canja mata bututu a asibiti, aka koya mata ta toshe bakinsa da yatsa in za ta yi magana. Muryar da ta fito ba tata ba ce ta da, wata dusasshiya ce kamar ana jan buhu a ƙasa, kuma kalma biyu uku take yi ta saki ta numfasa. A tasha, suna jiran motar Tsanyawa ta cika, ta sa yatsa a wuya ta juyo gare shi. Ya matso da kunnensa.

"Kana... takawa... da garaje."

Ya ce to, zai rage.

Basiru bai haƙura ba. Da ƙaramar salla ya zo da mai batirin da ya daɗe yana so, ya ajiye a tsakar ɗaki. Yana da sauƙi kam, maɓalli kawai ake dannawa, kuma shi suke ɗauka in za su Kano. Amma sai an kai shi shagon caji an ɗauko, kuma wata 'yar fitila a jikinsa takan koma ja ba tare da Nababa ya san laifin da ya yi mata ba. Yakan tsaya tsakanin injinan biyu in bututu ya fara ƙara, har sai Hure ta nuna ɗaya da haɓa.

Ba ta koma suyar ƙuli-ƙuli ba, don hayaƙi yana tayar mata da tari. Matar ƙanin Nababa ke yi yanzu, Hure tana zaune daga nesa a inuwar darbejiya, da ɗan ƙyalle a wuya saboda ƙura, tana buga murfin kwano in gyaɗa ta kusa ƙonewa. A zuwansu na ƙarshe likita ya leƙa maƙogwaronta da wata 'yar fitila, ya yi dogon bayani, rabi Hausa rabi Turanci, a kan wata jijiya da ta fara motsi. Nababa ya fito yana ganin an ce za a cire bututun bayan damina. Asma'u ta ce a'a, cewa aka yi za a sake dubawa bayan damina. Suka yi ta ja har bakin titi. Hure tana gaba da jakarta, ta tsayar da adaidaita ta shiga, ta matsa ta bar musu wuri.